Damin Geron da Ya Kayar da Baba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, kuma kwana uku ke nan ban samu sukuni ba saboda wani rago da ke ɗaure a tsakar gidana a Minanata.

Baba ya fara aiki yana mai rubutu a kotu, ya yi ritaya yana alƙalin kotun gunduma. Ko goro bai taɓa karɓa ba. Kullum zancensa ɗaya ne: baki in ya ci, ido ya ji kunya. Da ya aje aiki sai mutanen Unguwar Rogo suka matsa ya tsaya takarar shugaban ƙaramar hukuma. Kash, da ma ya ƙi!

Ranar da ya je neman ƙuri'a Kwalkwalawa, wani dattijo manomi ya aza masa damin gero a mota. A wurinsu wannan mubaya'a ce. Baba kuwa, hali zanen dutse, ya sa aka sauke, har igiyar da aka ɗaure damin a mota ya kwance ya miƙa masa. Dattijon ya ce, "Alƙali, mi nay yi maka?" Kafin la'asar labari ya gama gari, wai alƙali ya raina abin hannun talaka. Ya sha kaye, na kuwa daɗe ina jin haushinsa.

To, yau ni ce bisa kujerar majistare. Ragon nan daga kawun mijina yake, babban ɗan kasuwar hatsi, wai sadakar tunawa da Baba. Amma yaronsa na da shari'a a gabana mako mai zuwa. Surukata ta ce, "Ɗiyata, kada ki kunyata mu." Wallahi ina tsoro. In na mayar, ban san da idon da dangin mijina za su sake kallona ba.

Ina ta tambayar kaina, da Baba zai ga zamanin nan da toshiyar baki ke shigowa da sunan sadaka, me zai ce? Bai bar mana mulki ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne har yau ba a samu wanda zai nuna kabarinsa ya ce ya taɓa sayensa ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, na huce. Yanzun nan na sa aka mayar da ragon. Har da igiyar.