Ranar Da Na Dangwala Yatsan Mamaci

Kafin in zama abin nuni a Jega, ni mai buga takardu ne a wani ɗan shago kusa da kotu. Takardar hayar shago, ta cinikin fili, ta rabon gado, duk ni nake tsara wa mutane. Mahaifina limamin unguwa ne, shi ake kira wankan gawa, ni kuma tun ina saurayi nake zuba masa ruwa har na iya aikin. Albarkacinsa mutane suka yarda da ni, ba don wani halin kirki da suka gani a wurina ba.

Da ƙaramin abu ɓarnar ta fara. Wani mai shago ya so ya kori telan da ke haya a wurinsa kafin wa'adi ya cika, ya ce in mayar da kwanan watan takardar baya. Na mayar, tela ya kwashe kekensa yana share hawaye, ba wanda ya ce mini uffan. Daga nan sai ƙara taku biyar a awon fili, sai rubuta sunan shaidan da bai taɓa taka wurin ba. Har na fara ganin kaina mai wayo, alhali wawa ne da kwamfuta a gabansa.

Wata rana wani dillalin filaye daga Maiyama ya zo mini da magana. Akwai wani tsoho a Aliero, Baba Nomau, mai gida da gonar albasa a bakin titi. Dillalin yana son wurin don a gina ɗakunan hayar ɗalibai, tsohon kuma ya ƙi sayarwa. Yanzu ga shi kwance rai a hannun Allah, ba ɗa namiji, sai matarsa Inna Kulu da 'ya'ya mata biyu a gidan aure. Dillalin ya ce, "Shaidu ina da su. Yatsa nai kaɗai muka bukata." Na buga takarda cewa tsohon ya sayar da komai shekara uku da suka wuce, na zauna jiran labari.

Da hantsi ya rasu. Na hau mashin na isa Aliero kafin azahar, na ce ni ɗan liman wane ne, na zo taya wanka. Aka yi ta sa mini albarka. Da wanda muke aikin tare ya fita karɓo likkafani, sai ya rage daga ni sai gawar. Ɗakin shiru, sai kukan mata a bayan katanga da warin albasar da aka shanya a tsakar gida. Na fito da takarda da tawada daga aljihu. Akwai tsumma ɗaure a babban yatsansa na dama, na kwance shi. Hannun ya yi sanyi kamar randa. Da na danna yatsan a kan takardar, sauran yatsun huɗu suka lanƙwaso suka rufe a bayan hannuna. Na san jijiya ce, na sha gani. Amma sai da na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban yarda na dubi fuskarsa ba. Na wanke tawadar tas, muka sallace shi, ni a sahun gaba.

Inna Kulu na fita takaba aka kai mata takardar. Aka fitar da ita daga gidan da ta shekara arba'in a ciki, ta koma wurin ƙanenta a Danwarai. Ni kuwa tun ranar bayan hannuna na dama bai ƙara ɗumi ba. Ko a tsakiyar zafin bazara, in ina alwala sai in ji wurin nan huɗu kamar an ɗora mini ƙanƙara.

Ƙanen nata ya kai ƙara kotu. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, amma ta roƙi alƙali a miƙo mata takardar. Ta daɗe tana kallon dangwalen, sannan ta nuna wani farin layi da ya ratsa tsakiyarsa. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, wanga yanka ni naɗ ɗaure mai shi. Lauje yay yanke shi kwana tara kahin shi cika. Ƙaƙa anka yi yankan ya hito ga takardar shekara ukku?"

Aka ɗauko littafin ƙungiyar manoman albasa, inda marigayin ya dangwala bara wajen karɓar taki. Babu layi. Alƙali ya tambaya ko wa ya kusanci mamacin a kwanakin nan tara. Wanda muka yi wankan tare ya ce ya bar ni ni kaɗai da gawar lokacin da ya fita karɓo likkafani. Dillali ya tsere, shaidu suka zube suna rantsuwa ni na tsara komai. Aka mayar wa Inna Kulu gidanta da gonarta, ni aka wuce da ni gidan yari, shekara huɗu.

Na fito na tuba, na je Aliero neman gafara. Inna Kulu ta ce nata haƙƙin ta yafe, amma na mai yatsa ba ita za ta yafe ba.

Samari, ku da ake ba ku amanar takardun mutane, ku tsaya tun a kwanan watan farko da za a ce ku gyara. Ni a nan ya kamata in tsaya. Masu gida da masu shago kuma, ku rubuta abinku da shaidun kirki tun kuna da rai, ku ajiye kwafi a wurin wanda kuka yarda da shi.

Kada ku ɗauka ɗauri ne hukuncin. Bara mahaifina ya kwanta ciwon ajali. Na shiga gaishe shi, na miƙa hannu zan riƙe nasa, sai ya janye shi a hankali ya tura ƙarƙashin bargo. Ya juya wajen yayana, da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "In nam mutu, kak ku bar shi shi ɗai da ni."

A waje na tsaya aka yi masa wanka.