Yunwar Malam Shittu a Ingila

Malam Shittu ɗan Malam Yusha'u, wanda mutanen Rabah suka fi sani da Shittu Mai Allura, ya yi shekara ashirin da shida yana bin shanu da allura tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo. A tsawon wannan aiki bijimi ya taka shi sau biyu, jirgi ya kife da shi sau ɗaya a gulbin Rima. Amma in aka tambaye shi inda ya fi kusantar lahira, cewa yake yi a Ingila ne, yana zaune a kujera da cokali a hannunsa.

A Gandi aka haife shi. Ubansa mai saukar da baƙin kasuwa ne, masu kawo shanu da masu saye, kuma ya shahara da sanin asalin mutum daga akushinsa. Idan aka fito da kwanon baƙo daga zaure, Malam Yusha'u zai ɗaga murfi ya leƙa. In ya ga suɗi, wato ɗan abin da mai kunya ke ragewa domin yaran gida, sai ya ce wannan ɗan mutane ne. In ya ga kwano fes, ba ya cewa komai, amma ba zai sake tsaya wa mutumin nan a ciniki ba. Da wannan karatu Shittu ya tashi, tun kafin a sa shi elementare, ya wuce makarantar Midil a Sakkwato, ya fito malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya.

A shekarar 1956 aka zaɓe shi ya je Ingila kwas na wata tara kan cututtukan shanu. An faɗa masa a fili: in ya dawo da takarda, shi zai shugabanci malaman dabbobi na gundumomin nan uku. In ya dawo babu ita, akwai masu jira. Ranar tafiya ubansa ya raka shi har bakin mota, ya ce masa, "Shittu, ba ni da abin ba ka. Abu guda ɗai: kak ka bari a ɗaga kwanonka a zagi Gandi."

An sauke shi a wani ƙauye kusa da makarantar, a gidan wani tsoho mai suna Mista Holdin, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, da matarsa Misis Holdin. Shittu ya kasa kiran tsohuwa da suna, sai ya riƙa ce mata Inna. Ta tambayi ma'anar, ya gaya mata, ta ce ba laifi.

Ya zaci za a kai masa abinci ɗakinsa ya ci a ɓoye kamar kowane baƙon kirki. Sai ya ga an jera faranti uku a tebur guda, maigida a nan, matar gida a can, shi a tsakiya, ga kare a ƙarƙashin tebur yana numfashi a kan ƙafarsa. Tsohuwa ta kira mijinta da sunansa na yanka, sama ba ta faɗo ba. Da aka gama, tsohon ya ɗaura ƙyalle a ƙugu ya hau wanke kwanuka yana fito. Shittu ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana salati.

Amma dai ya yi abin da ya kamata. An zuba masa kifi da dankali huɗu da kabeji, ofishin makarantar ma ya riga ya gaya wa tsohuwar abin da addininsa ya hana. Ya ci dankali uku, ya bar ɗaya da gefen kifi, ya jera su tsaf a bakin faranti. Tsohuwa ta ce, "Ko in ƙara maka?" Ya ce a'a, ya ƙoshi, yana jiran ta sake tambaya sau biyu kamar yadda ake yi, a karo na uku ya karɓa da ƙyar. Ba ta sake ba. Ta ɗauke farantin.

Abin da Shittu bai sani ba shi ne, Misis Holdin ta yi shekara goma sha huɗu, tun daga yaƙin Jamus har bayansa, tana bin layi da kati kafin ta samu ƙwai da man shanu. A wurinta barin abinci a faranti kusan saɓo ne. Ta dubi dankalin nan guda, ta yanke cewa cikin baƙonta na uku ne. Washegari ta zuba uku. Shittu ya ci biyu ya bar ɗaya. Ta ba shi mako guda ko zai canza, bai canza ba, ta koma biyu.

Da farko bai damu ba, don ya ɗauka yaran gidan ne suke da yawa. Ya yi mako uku bai ji ko tarin yaro ba, ya riƙa yaba tarbiyyar Turawa a ransa, yana cewa ko a gidan Alƙali ba a ɓoye yara haka. Wata Lahadi bayan abincin rana ya daure ya tambayi maigidan lafiyar yara.

"Waɗanne yara?" in ji Mista Holdin.

"Yaran gida, ranka ya daɗe."

Tsohon ya cire lofen taba daga bakinsa. Ya ce ɗa guda suka haifa, ya tafi yaƙi bai dawo ba, kuma a ɗakinsa Shittu yake kwana. Shittu ya yi masa ta'aziyya da iyakar Turancinsa. Yana cikin yi ne ya hango tsohuwa ta taga, ta fita bayan gida da farantinsa, ta karkaɗe suɗinsa a wani kwanon ƙarfe. Kare ya zo ya lashe a loma biyu, ya ɗaga kai yana neman ƙari. Ashe duk kunyar Gandi da yake ta jerawa a bakin faranti, a cikin kare take ƙarewa.

Ya rubuta wa ubansa takarda ya bayyana komai, ban da maganar kare, wadda ya ga ba za ta shiga kunnen dattijo ba. A garinsu, in maigida ya fara rage wa baƙo tuwo, ba sai an yi magana ba, sallama ce. Abin da yake son sani shi ne ko ya tattara kayansa. Amsa ta ɗauki mako biyar kafin ta zo, da ajami, cikin rubutun limamin unguwa.

"Na ga takardakka. Wanga abu gwaji na. Mutanen ga sun ji an ce ɗan gidan mutunci anka aiko musu, suna son su ga iyakatai. In sun rage, kai ma ka ƙara ragewa. Kak ka kumyata mu."

Shittu ya ƙara ragewa. Kafin tsakiyar hunturu, abincinsa ya koma dankali ɗaya da rabi da ƙwai guda, kuma daga ciki yana barin rabin dankalin da farin ƙwan. A makaranta da rana burodi ake bayarwa da yankan nama a tsakiya, shi kuwa bai yarda da naman ba, sai shayi. Akwai kanti a ƙauyen, yana wucewa ta gabansa safe da yamma, yana ganin burodi ta gilashi. Amma baƙon da aka gani yana sayen abinci a kasuwa ya tona asirin mai masaukinsa ke nan, ƙauyen kuwa gida arba'in ne, kowa ya san kowa. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, bayan kwana goma ya huda wani.

Ran nan a gonar makaranta aka ce ya riƙe wata maraƙa a duba bakinta. Mutumin da yake kayar da bijimin Ardo shi kaɗai, maraƙar wata biyar ta ja shi ta zubar a taɓo, ya kasa tashi sai da aka ɗaga shi. Likitan makaranta ya ɗora shi a sikeli, ya ga ya zubar da laba ashirin da biyu. Ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya leƙa idonsa, bai ga cuta ba.

"Kana cin abinci sosai?"

"Sosai," in ji Shittu. "Kullum har sai na rage."

Likita ya ce to sanyin ƙasar ne bai karɓe shi ba. Zai sake auna shi bayan mako uku, in bai ƙaru ba za a sa shi a jirgi ya koma gida, don ba za su bari ya mutu a hannunsu ba. Ya kuma rubuta wa matar gidan takarda, cikin ladabi, yana tambayar irin abincin da take ba shi.

Takardar ta riga Shittu isa gida. Ya tarar da Misis Holdin tsaye a bakin tebur, fuskarta ta yi ja kamar gauta, takardar a hannunta.

"Mista Shittu, shekara talatin da takwas ina dafa abinci, ba a taɓa aiko mini da takarda a kansa ba. Na yi maka kifi, ka bari. Na yi ƙwai, ka bari. Na je har birni na nemo shinkafa, ka bari. In hannuna ne kake ƙyama, ka faɗa mini yau."

Shittu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Shi da yake jira a kore shi, ashe ita ce take ganin ya raina ta. Maganar da za ta warware komai kalma uku ce, ina jin yunwa. Amma namiji mai gemu bai taɓa faɗin haka ga matar gidan da ya sauka ba, tun da aka kafa Gandi. Ya ce, "Inna, abincinki ba shi da laifi." Ta ajiye takardar, ta shige kicin, ta rufe ƙofa.

Ya tuna yadda ake yi a gida in magana ta fi ƙarfin baki: a nemi babba, a kewaya. Ya fita lambu ya sami Mista Holdin yana gyaran akurkin kaji. Ya durƙusa gefensa, tsohon ya ce ya tashi, ƙasar da sanyi, Shittu ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, labarin wani mutumin garinmu zan ba ka."

"Ina ji. Miƙo mini gudumar can."

Shittu ya miƙa. Ya ce wannan mutumin ya sauka a wani gida mai albarka. A garinsu kuwa, baƙo ba ya cinye abin da aka ba shi ko da loma uku ce, sai ya rage. In an ce a ƙara masa, sai ya ƙi sau biyu. Ba don ya ƙoshi ba. Don kada a ce ubansa bai koya masa komai ba.

Tsohon ya buga ƙusa ɗaya, ya buga ta biyu, ya tsaya da guduma a sama.

"Ko da nawa aka zuba masa, sai ya rage?"

"Ko da nawa."

"In aka rage masa fa?"

"Sai ya ƙara ragewa, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe wannan mutumin yake gidan?"

"Wata uku da kwana tara."

Shittu ya sa rai tsohon zai yi abin da dattijo ke yi, ya bari sai an kwana biyu, ya ja matarsa gefe ya raɗa mata, gobe a ga faranti ya cika ba wanda ya ce uffan. Mista Holdin ya miƙe daga inda yake, ya juya wajen tagar kicin, ya ɗaga muryar da ya saba tsayar da jirgin ƙasa da ita.

"Ke! Yunwa yake ji! Wata uku yaron nan yana jin yunwa! Ladabi ne wai!"

Matar maƙwabci da ke shanya ta tsaya da riga a hannu. Mai kawo wasiƙu ya sauka daga kekensa. Shittu yana durƙushe a gaban akurki, yana roƙon Allah ƙasar Ingila ta tsage ya shige.

Bayan rabin sa'a aka kira shi tebur. Dankali tara ya ƙirga, da kifi biyu, da shinkafar nan ta birni, da wake. Misis Holdin ba ta zauna ba. Ta tsaya a kansa, idonta jawur, ta harɗe hannu.

"A gidan nan, Mista Shittu, in kana son ka girmama ni, in ga gindin farantin nan."

"Inna, ko kaɗan ne in..."

"Ko ƙwayar wake."

Ya ce bismilla. Ya ci yana gumi, mace tana kallonsa, maigida yana kallonsa, kare ma ya fito daga ƙarƙashin tebur yana kallonsa. Da ya kai loma ta ƙarshe hannunsa ya ƙi tashi, ya ji kamar ubansa na tsaye a bayansa zai ɗaga murfi. Ya runtse ido ya haɗiye. Ta ce, "In ƙara?" Ya ce a'a. Ta dubi mijinta, mijin ya ɗaga yatsu uku. Ta sake tambaya, ta kuma sake, sannan ta zuba.

Ranar awo sikeli ya nuna ya ƙaru da laba tara. Likita ya ce lallai jikinsa ya fara sabawa da sanyi, ya rubuta haka a takarda, Shittu bai gyara masa ba. Ya gama kwas ɗinsa, ya dawo da shaidarsa, aka ba shi shugabancin, ya zauna a Rabah.

A rangadinsa na farko ya sauka rugar wani Ardo a bayan Kagara, aka kawo masa fura da nono a ƙwarya sabuwa. Yana ta bayanin allurar bushiya, cutar nan ta shanu, hankalinsa na kan magana, bai farga ba sai da ludayi ya ƙwanƙwasa gindin ƙwarya. Ardo ya leƙa, ya dubi mutanensa.

"Wanga shi na anka ce ya yi karatu Ingila?"

Aka ce shi ne.

"To, mi anka koya mai can?"

A shekarar nan Ardo bai kawo shanunsa allura ba. Sai da Shittu ya koma rugar sau huɗu yana barin rabin fura, sannan aka yarda ya taɓa maraƙi guda.