Karen da Ya Shiga Anko

Ni tela ne, kuma duk telan da ya ce maka bai taɓa rage yadin mutane ba, ka leƙa ƙarƙashin teburinsa kafin ka gaskata shi. Mu ba ma kiran abin sata, ragowa muke ce masa. Mace ta kawo turmin atamfa, ka fitar mata da riga da zani da ɗankwali, abin da almakashi ya bari kuwa sai ya gangara cikin buhu. Ta sani, kai ma ka san ta sani, amma ba mai ɗaga maganar, don ranar da aka ɗaga ta zumunci ya ƙare. Buhun da ke shagona na Gyadi-Gyadi, da za a zazzage shi a jojjona, sai ya yi wa Tarauni rumfa har Unguwa Uku, a samu saura a yi wa Hotoro labule.

A Tarauni nake haya. Katanga ɗaya ce tsakanina da wani dattijo mutumin Filato, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda duk layin ke kira Baba Ticha. Kirista ne. Ya riga ni zama a layin da shekaru masu yawa. 'Ya'yana uku a tabarmarsa suka koyi lissafi, bai taɓa karɓar ko ruwan sanyi ba. In Kirsimeti ta zo, da kansa yake kawo mini kajinsa in yanka, don kada shinkafar ta shigo gidana a rasa mai ci. Da yamma in na dawo daga shago mukan zauna gindin darbejiya mu buga dara, ina cika masa kunne da ƙarya, yana cinye mini 'ya'yan dara.

Yana da kare. Na matarsa ne, ita ta raine shi, da ta rasu sai ya zama shi kaɗai ke amsa masa magana a gidan, don 'yarsu tilo tana ƙasar Turai tana aikin jinya. Karen ya tsufa tukuf, haushi ma sai ya yi shawara da kansa kafin ya yi guda ɗaya. Ni ban taɓa bari ya raɓe ni ba, kuma Baba Ticha ya san da haka. Duk lokacin da zan shiga gidan sai ya ɗaure shi a bayan ɗaki, ba tare da na roƙa ba. Alhaji mai gidajen da muke haya, wanda gidansa ke bakin layin, ya daɗe ba ya son zaman karen, amma yana kawar da kai saboda girman dattijon.

Wata damina karen ya kutsa ta ƙarƙashin wayar shinge a tsakar gidan, ta yage masa gadon baya. Ƙudajen Tarauni kuwa suka aika wa na Unguwa Uku goron gayyata. Likitan dabbobi ya ba da magani, ya ce a rufe wurin kada ya riƙa lasa. Duk tsumman da aka ɗaura masa sai ya kwance. Rannan muna dara Baba Ticha ya ciro wayarsa ya nuna mini hotunan da 'yarsa ta turo: karnukan can, wani da rigar ruwa, wani da rigar sanyi, wani har da takalma ƙafa huɗu da 'yar hula.

Na yi dariya har na kifar da darar. Na ce masa wannan karen ya fi ni sutura, in ya zo Kano sai a ba shi mata. Na ce mu nan dabbar da muke sa wa riga ɗaya ce, birin 'yan wasa, shi ma don a taru a yi masa dariya ne a jefa masa abin da aka jefa. Magen matata tana kwana a kan darduma ba mai cewa uffan, amma da za a gan ta da riga, gobe za a kira masu ruƙiyya. Ya ce su ma a ƙauyensu kare na farauta ne da gadi, wanda ya sa masa riga za a ce kansa ya taɓu. Ya ce amma 'yarsa ta gaya masa a can mutum kan tsufa ba kowa a gida sai kare, to wa zai ɗinka wa riga in ba shi ba. Sannan ya ce shi ba gayu yake nema ba, ƙuda yake son ya kora.

Na yarda, amma da sharaɗi. Tef ɗina ba zai taɓa jikin kare ba, don da shi nake auna rigunan da ake shiga masallaci da su. Sai na yanko igiya na ba shi. Ya je ya auna wuya ya ƙulla, ya auna ƙirji ya ƙulla, ya auna tsawon baya ya ƙulla, ya kawo mini igiya mai ƙulli uku a cikin leda.

Washegari bayan la'asar na tura ƙofar shago rabi, na zura hannu a buhu na ciro ragowar da ta fi kowacce girma. Koriyar atamfa ce mai zanen mafici ruwan ƙwai. Ba zan ce na manta ko ta wace ce ba. Ta Hajiya ce, matar Alhaji mai gidajenmu, ankon bikin 'yarta, ni na ɗinka wa ita da ƙawayenta a makon. Abin da na ce a raina shi ne, kare dai a cikin gida yake, wa zai gani. Kuma da yake hannuna ba ya iya barin abu a yadda yake, sai na yi wa rigar aljihu a gefe, na zagaye wuyan da zare ruwan gwal. Na ce wa Baba Ticha aljihun na ajiye goro ne. Ya yi dariya har da tari. Shi bai san komai game da atamfar ba, bai kuma tambaya ba.

Kwana huɗu karen yana ciki da rigarsa, ciwo ya fara bushewa. Rana ta biyar ita ce yinin biki. An kafa rumfa a layi, adaidaita sahu na ta sauke mata, kowacce kore shar da mafici ruwan ƙwai, kai ka ce gonar alayyafo ce ta tashi tana tafiya. Ƙanshin naman da ake soyawa kuwa ya isa ya ta da mara lafiya. Mai ruwa ya shiga gidan Baba Ticha ya bar ƙofa a buɗe. Tsohon karen nan da bai taka waje ba tun bara, ya fito a hankali, ya ratsa tsakiyar rumfa yana rangaji kamar uwar amarya.

Ina tsaye a ƙofar gidana na ga abin da idona. Wata tsohuwa da ta hango shi ta baya ta ce jikan wa ke rarrafe a ƙasa, a ɗauke shi. Da ya juyo ya zaro harshe, sai wuri ya kaure. Masu gudu na gudu, masu salati na yi, kuloli na kifewa. A lokacin dariya ce ta fara zuwar mini, na rantse, har na dafa bango. Sai na ga fuskar Hajiya. Ba ta gudu ba. Tana tsaye tana kallon rigar, tana kallon zaninta, dangin ango kuma na gefe suna rufe baki da mayafi. Na ji wata a cikinsu ta ce ashe gidan da suka nemi aure har karnuka ake fitar wa anko.

Bayan sallar la'asar Alhaji ya aika aka kira mu zaurensa, ni da Baba Ticha. An cire rigar da sanda an yar a ƙofar zaure. Akwai dattawan layi huɗu ko biyar. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce yana so ya san abu ɗaya: wa ya zaɓi wannan atamfar, a wannan ranar. Ya tambayi Baba Ticha. Dattijon ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Sai Alhaji ya juyo kaina ya ce ni ne na ɗinka ankon, ko na san wani abu.

Na san abin da ke gabana sarai. In na ce ni ne, na amsa abu biyu a zama ɗaya: ɓarawon yadi, kuma telan kare. Ba macen da za ta sake kawo mini turmi, ba namijin da zai sa rigar Juma'a da ta bi ta kekena. In kuma na yi shiru, abin zai zauna a kan dattijon da ba shi da kowa a layin sai ni, kuma za a fassara shi da cewa da gangan ya yi don ya wulaƙanta mutane.

Na ce, "Alhaji, atamfar nan ai cike take a kasuwa, kowa na iya saya. Kuma wannan ba hannuna ba ne. Dubi yadda wuyan ya karkace."

Baba Ticha ya ɗago. Na zaci zai yi magana a kan igiya mai ƙulli uku, wadda a lokacin tana rataye a ƙusa a shagona. Sai ya ce, "Ni na sa aka ɗinka, Alhaji. Karena ne, laifina ne. A ba Hajiya haƙuri."

Alhaji ya ce bai taɓa tsammanin haka daga gare shi ba. Ya ce ba zai kore shi ba, amma in wa'adin hayarsa ya cika nan da wata biyu, yana bukatar gidan.

Tun daga ranar Baba Ticha bai sake fitowa gindin darbejiya ba. In mun haɗu yana gaishe ni kamar kullum, ya tambayi yara, wannan kuwa ya fi mari zafi. Na koma zagayawa ta bayan layi in zan tafi shago. Sai da aka kwana uku matata ta ɗago maganar. Tana zuba mini tuwo, ba ta ko dube ni ba, ta ce ita ma ta ga rigar a ƙofar zaure, kuma shekararta goma sha tara tana sa wuyan da aka zagaye haka.

Saura mako guda Baba Ticha ya tashi na kasa jurewa. Na sami Alhaji a majalisarsa bayan azahar, da mutane, na ce ina da magana. Na ce ni na ɗinka rigar, daga ragowar atamfar Hajiya. Tun kafin in rufe baki wani ya fara murmushi. Na ce na ba shi igiya ya auno karen, sai biyu suka fashe. Ni kuma bakina ya saba, da ya ji dariya ba ya iya tsayawa a kan layi, kamar jakin da ya san hanyar kasuwa. Ban san lokacin da na kai ga aljihun goro ba. Nan fa majalisa ta ɓarke da dariya, wani na riƙe ciki, Alhaji na share hawaye da bakin rigarsa. Ai ni ne mutumin da ya taɓa gaya musu ya ɗinka wa raƙumi wando a Agadas, ƙasar da ban taɓa takawa ba.

Na ce wallahi wannan karon gaskiya ce. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, na san kana son ka wanke maƙwabcinka, Allah ya ba ka ladan zumunci. Amma a zaurena ka ce ba hannunka ba ne, shi kuma ya amsa da bakinsa. Hajiya ta rantse sai ya tashi, gidan ma na riga na yi wa wani alkawari."

Ranar tashin, akori-kura ta zo da hantsi. Baba Ticha ya yanke shawarar komawa Filato wurin ƙaninsa, ya ce ba ya da ƙarfin fara sabon layi a Kano. Na fito na kama masa katifa da kwalayen littattafai. Ba wanda ya fito sai ni da matata da 'ya'yana. An sa karen a baya tsakanin kujeru, tsirararsa, bayansa ya warke sai tabo. Na matsa kusa da shi. Na fara cewa na je wurin Alhaji. Ya ce ya ji labari, an ce na ba da dariya ƙwarai.

Ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa ya ɗan daɗe. Ya ce, "Tela, wuyan nan bai karkace ba. Na duba shi da kyau. Ɗinki ne mai kyau."

Ya shiga gaba kusa da direba, suka fita ta bakin layi, ta ƙofar gidan Alhaji.

Na ɗauka ko ba komai ciniki zai ragu, in ji a jikina cewa na biya wani abu. Bai ragu ba. Hajiya da kanta ta aiko da ɗinkin sunan jikanta na fari, na ɗinka, ragowar ta gangara buhu. A majalisa kuma labarin ya zama nawa na musamman. Duk baƙon da ya zo sai a ce, Malam, ba shi labarin rigar kare. Ina bayarwa. Yanzu karen ya kai girman maraƙi, rigar ta sami hula, tsohuwar nan har goya shi take yi kafin ta gane. Kowane karo ina faɗin wurin da na ce a zaure ba hannuna ba ne, ba na ƙara masa komai, ba na ragewa. A nan ne suka fi yin dariya.