Furar da na dama wa Binta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina cikin shirya yara makaranta waya ta shigo daga Kusada, wai Binta ta rasu. Amai da gudawa. Kafin a kai ta babban asibiti rai ya yi halinsa.

Binta fa. Matar da ta cinye takalmanta tana bin gidajen mutane don kada cutar nan ta shiga.

Duk wanda ya san ta ya san jakar nan tata da ba ta rabo da ƙwayoyin kilorin. Wasu in sun zo gidanka goro suke miƙa maka, ita maganin ruwa take miƙawa. Mu 'yan ajinsu na sakandare muka laƙaba mata Hajiya Kilorin, ta karɓi sunan hannu bibbiyu. Ko a gidan biki aka ba ta ruwa, sai ta fara kai kofin hanci. Mu yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Shekarar da ɗana Sadiku ya kwanta da gudawa, cikin ruwan sama ta hau mashin daga Kusada har Kankia. Ta wanke mini randa da hannunta, ta nuna mini yadda ake yi: ƙwaya ɗaya a jarka, a rufe, a jira rabin awa. Ba ta tafi ba sai da yaron ya buɗe ido ya nemi abinci.

Tun daga nan randa biyu ce a gidanmu. Ɗaya mai magani, ta yara. Ɗaya ta Inna, surukata, wadda ta rantse ba za ta sha ruwa mai warin asibiti ba alhali lafiyarta ƙalau. Randar Inna tana gindin darbejiya, sanyinta kamar na firij. Kuma gaskiya ita muke ɗebar wa baƙi, don a wurinmu abin kunya ne ka tari baƙo da ruwa mai wari.

Juma'ar da ta wuce Binta ta biyo ta gidana daga wani taro, ta kwaso rana. Ga sabuwar fura, ga nono mai kyau da na saya da safe. Na tsaya tsakanin randunan nan da moɗa a hannu. Na ce a raina ruwan magani ɓata fura yake yi, yau ɗaya dai bari in karrama ƙawata. Na ɗebi na Inna. Na kuwa san ambaliya ta shiga rijiyar unguwarmu a satin.

Ta kai ƙwaryar hanci kamar kullum, amma ƙamshin nono da citta ya rufe komai.

"Rabi, da wane ruwa kika dama?"

"Da naki mana, Hajiya Kilorin."

"To madalla. Ke kam ba ni da haufi a kanki."

Ta shanye, har tana yaba hannuna.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba ko furar ce sanadi. Ni ma na sha furar, Inna kuma kullum ruwan take sha, ga mu garau. Binta ta shiga ƙauyuka da dama a satin, ta yi jinyar masu cutar. Maigidana ya ce in daina ɗora wa kaina, ajali ne, kuma na yi imani da haka. Amma ajali bai ce in yi mata ƙarya ba. Ta tambaye ni, ta yarda da ni, ta sha.

Bayan azahar na je Kusada ta'aziyya da niyyar in faɗa wa mahaifiyarta. Na durƙusa a gabanta, baki ya ƙi buɗuwa. Ganin na sha hanya ta ce a kawo mini ruwa, sai kuma ta dakatar da mai kawowa.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri ki ɗan jira, yanzu aka saka maganin. Binta ce ta hana mu ba baƙo ruwa kafin lokaci ya cika. Ta ce baƙo amana ne."

Na zauna na jira. Da aka kawo, warin ya doki hancina, na shanye tas, kuka ya ƙwace mini. Suka yi ta ba ni haƙuri, sun ɗauka kukan rashi ne kaɗai.

Ina dawowa gida na juye randar Inna, na wanke, na zuba mata mai magani. 

Abin da na kasa faɗa a Kusada shi na rubuta a nan. Na san ƙannen Binta za su gani, su karanta wa tsohuwa. Gobe zan koma in durƙusa, duk abin da ta ce da ni na karɓa.

Allah ya jiƙanki Binta, ya haskaka makwancinki, ya raya abin da kika bari. Ruwan da na hana ki, Allah ya musanya miki da na Alkausara.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. In da sauran wuri, ku roƙa mini gafara ni ma.