Fiyus Ɗin da Ba Ya Mutuwa

A Ƙanƙara na kai tsohuwar motata wurin mai gyaran lantarkin mota ya haɗa mini caja, tunda wutar gidanmu sai ta ga dama take zuwa. Ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe akwatin fiyus, yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya da 'yar fitilar gwaji. Wasu sukan mutu da an zare makulli, wasu ko a jikinsu.

"Malam, in na jona a wanda ba ya mutuwa, zai riƙa shan batir fa," in ji shi.

Na ce ya sha. Inna tana kwance a Ruwan Godiya, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ba na so a neme ni a samu wayata a kashe.

Ba a jima ba aka datse sabis a yankinmu kaf, wai don tsaronmu. Caja tana ta haske, waya ko tari ba ta yi.

A bakin wani direban masara na ji rasuwar Inna, har an yi sadakar uku. Da ya gama yi mini gaisuwa na duba wayar. Cajinta a cike yake fal.