Littafin da Ya Kori Hashimu

Na daɗe ina sayar da goro a bakin benen Alhaji Abbati, kan hanyar tasha a Ƙaura Namoda. Da aka ba mu jihar Zamfara, ɗakunan benen goma sha biyu suka cika da ofisoshi: 'yan kwangila, dillalan auduga, da Hajiya Hindu mai buga takardu. Hashimu, mutumin Kurya Madaro, shi ke kula da ginin.

Kafin ruwan farko ya sauka, ya riga ya hau ya toshe kwano. Randar alwala ba ta bushewa. In fankarka ta fara ƙara, ka faɗa mishi wurin alwalar azahar, kafin la'asar ya gyara.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji ya koma Gusau da zama, ya aiko wani Malam Imrana ya auna aikin masu kula da gidajensa. Imrana ya ajiye littafi a gindin matakala, ya ce duk abin da ya lalace a rubuta, da ranar da aka gyara. Bayan wata uku, wanda aikinsa bai fito ba za a sallame shi.

To, wa zai ɗauki biro ya rubuta ƙorafi kan mutumin da suka gaisa da safe? Kowa ya ci gaba da faɗa wa Hashimu baki da baki.

Imrana ya dawo, ya buɗe littafi, fari fat.

"Baba Hashimu, wata uku ba ka gyara komai ba?"

"Malam, me ka gani a lalace?"

"Ba wannan na tambaya ba. Me zan nuna wa Alhaji?"

Hajiya Hindu ta leƙo ta taga. "Nuna mishi fankata, ɗan nan, ga ta tana juyawa!"

Muka yi dariya, ban da Imrana. Hajiya ta ce a ba ta littafin ta cika shi yanzu, ya ce lokaci ya wuce.

Aka sallami Hashimu. Wanda aka kawo daga Gusau sau ɗaya yake zuwa a mako, ba wanda ya san shi, ba mai jin nauyinsa. Kafin damina ta raba, littafin ya cika, an sayo na biyu. Da kunnena na ji Imrana yana cewa yanzu ake ganin aiki.

Hashimu ya koma gonar geronsa. In ya shigo gari yakan tsaya wurina ya sayi goro, ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke zuba kan takardun Hajiya, ya girgiza kai, ya wuce.