Baba Gariba da Kwanon Rawaya

Tsoro ya kama ni ne lokacin da Baba Gariba ya kifa kwanon a tafin hannunsa, ya dubi gindinsa.

"Yusra, ina takardar da ke manne a nan?"

Ni na goge ta.

Satina biyu ke nan da fara aiki a gidan gwanjon kayan tarihi, da digirina na kasuwanci. Shi kuwa shekara ashirin da shida ya yi yana ɗaukar tangaran ɗin Sin a wurin. Daga zangon Kumasi ya zo nan ƙasar Turawa, ya fara da wankin mota a unguwar Dagenham, har yau can yake zaune shi kaɗai. Bai iya karanta rubutun Sin ba, amma idan ya ƙwanƙwasa kwano da farce, daga ƙarar yake gane ko akwai tsaga. Ba ya sa zobe, ba ya sa safar hannu. Ya ce auduga tana santsi, yatsa ba ya yi.

Kwanon rawaya ne tas, babu zane ko ɗaya, launin da aka keɓe wa gidan sarkin Sin. A ranar nan wani mai saye zai zo ganinsa. Na ga wata tsohuwar takarda ta yi dauɗa a gindinsa. A gidanmu ba a ajiye wa baƙo kwano da datti. Na jiƙa tsumma na murje, takardar ta narke.

Ashe ita ce shaidar wanda ya mallake shi a 1934, kuma ba a riga an ɗauki hotonta ba.

Baba ne ya sa hannu a rajista ya fito da kwanon daga store, ɗakin ajiyarmu, don haka ya ce wa manaja a hannunsa abin ya faru.

"Baba, ai ni ce."

"Ke da kike probation, ana kan gwada ki? Yau za su sallame ki. Je ki ci abinci, sarauniyar wanke-wanke."

An dakatar da shi, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Na rubuta wa manaja gaskiya. Ta amsa da layi ɗaya: wanda ya sa hannu shi ke da alhaki.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna a kan ko za a kore shi. Yau Litinin. Ɗazu na kira shi, ya tambaye ni ko an rufe tagar store saboda raɓa. Wasiƙar hukuncin kwamitin ba ta iso ba tukuna.